Idon da Ya Manyanta da Kyamara Mai Ma'aunin Nisa

Kyamara mai ma'aunin nisa, wadda masu sana'ar hoto suka fi sani da renjifainda, ta bambanta da yawancin kyamarorin wannan zamani ta fuska ɗaya mai muhimmanci, wato ba ta saita hoto da kanta, sai dai ta bar wa idon mai ɗauka hukuncin ƙarshe a kan ko saitin ya zauna ko bai zauna ba. Saboda haka duk sauyin da shekaru suka kawo wa ido yakan fito a cikin hotuna tun kafin mai idon ya lura da shi a sauran harkokinsa, kuma da yake tsadar irin wannan kyamara, musamman samfurin Leica M da ake ƙerawa a Wetzlar ta ƙasar Jamus, takan hana ta shiga hannun mutum sai ya manyanta, sau da yawa mallakarta da ja-bayan gani sukan zo a lokaci guda. Duk da haka, wanda ya duba yadda ido da kyamarar suke aiki tare zai ga cewa ta fi sauran kyamarorin saitin hannu yi wa tsohon ido rangwame, matuƙar an gane ainihin nisan da take neman idon ya gani, kuma da dama daga waɗanda suka jingine ta suna cewa ido ya tafi sun jingine ta ne a kan matsalar da ɗan gilashi mai rauni ƙwarai zai iya warwarewa.

A gaban kyamarar akwai tagogi biyu masu 'yar tazara a tsakaninsu, kowace tana kallon abin da za a ɗauka daga nata gefen. Babbar ita ce tagar leƙe, wadda mai ɗauka ke kallon duniya ta cikinta kai tsaye, ƙaramar kuwa tana aiko da hoto na biyu ta hanyar madubi da gilasai zuwa wani ɗan tabo mai haske a tsakiyar tagar leƙen, wanda za a kira tabon saiti. Idan saiti bai zauna ba, abin da ke cikin tabon yakan fito bibbiyu, kuma yayin da ake murza zoben gilashin gaba, wani ɗan hannu a cikin kyamarar yana tura hoto na biyun gefe har ya hau kan na farko su zama ɗaya, a nan ne nisan da aka auna ya yi daidai da nisan da gilashin ya saitu a kansa. Kamfanin Kodak na Amurka ya haɗa irin wannan ma'auni da kyamara tun 1916, amma tsarin ya kafu ne a 1932 da fitowar Leica II da Contax ta kamfanin Zeiss Ikon, sannan Contax II ta 1936 ta haɗa ma'aunin da tagar leƙe wuri ɗaya, kafin Leica M3 ta 1954 ta zo da tabo mai kaifin gefe da layukan iyaka masu haske, wato layukan da ke nuna inda hoto zai tsaya, waɗanda har yau a kansu ake tafiya.

Abin da shekaru ke yi wa ido

A cikin ido, bayan baƙin nan da ake gani, akwai wani ɗan gilashi na halitta mai laushi wanda tsoka ke kewaye da shi, kuma idan mutum ya kalli abu na kusa tsokar takan tsuke ta bar gilashin ya ƙara kumbura domin ya ƙara ƙarfin tattara haske. Hermann von Helmholtz na Jamus ne ya bayyana wannan aiki a 1855, sannan Franciscus Donders na ƙasar Holan ya nuna a littafinsa na 1864 yadda ƙarfin yake raguwa da shekaru a kan tsari wanda kusan bai bar kowa ba. Ana auna ƙarfin gilashi da diyofta, ma'aunin da likitan ido Ferdinand Monoyer na Faransa ya gabatar a 1872, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: idon da ke ganin nesa garau yana bukatar ƙarin diyofta 1 domin ya ga abin da ke nisan mita 1, diyofta 2 domin rabin mita, rabin diyofta kuma domin mita 2. Yaro ɗan shekara 10 yana da kimanin diyofta 14 a ajiye, ɗan shekara 45 bai fi 4 ba, ɗan shekara 60 kuwa abin da ya rage masa bai wuce 1 ba, domin gilashin yana ta yin tauri tun daga ƙuruciya. Wannan shi ne taurin ganin kusa, wanda likitoci ke kira firesbiyofiya, kuma rahoton gani na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ƙiyasta masu ɗauke da shi a kan mutum biliyan 1.8.

Taurin ba shi kaɗai yake zuwa ba. Kafar baƙin ido, wadda haske ke shiga ta cikinta, tana ƙanƙancewa da shekaru, gilashin ciki kuma yana komawa ruwan ɗorawa, har ya zama hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 bai fi kashi ɗaya cikin uku na abin da ke isa idon ɗan shekara 20 ba. Wannan ne ya sa mutum zai iya saita hoto ba tare da wahala ba da rana tsaka a waje, amma tabon ya gagare shi a cikin ɗaki ko bayan magariba.

Nisa uku a hannu ɗaya

Wahalar mai renjifainda ta taso ne daga cewa kyamarar tana neman ido ya yi aiki a nisa uku mabambanta cikin daƙiƙu kaɗan. Na farko shi ne nisan duniya, inda yake hango abin ɗauka tun kafin ya ɗaga kyamara. Na biyu shi ne nisan hannu, kimanin santimita 30 zuwa 40, inda yake karanta lambobin da aka zana a jikin gilashin gaba da maɓallin gudun ɗauka da allon bayan kyamara. Na uku kuwa, wanda aka fi jahilta, shi ne nisan da hoton cikin tagar leƙe yake bayyana a kai. Ko da yake bakin tagar yana manne da ido, abin da ake gani ta cikinsa ba a kusa yake ba, domin kamfanin Leica yana saita tagar M a kan diyofta 0.5 na ragi, ma'ana ido yana aiki ne kamar mai kallon abin da ke nisan mita 2. Matashi yana biyan wannan rabin diyoftan ba tare da ya sani ba, amma wanda ya haura 55 yana iya kasa riƙe shi na tsawon lokaci, sai gefen tabon ya yi dishi-dishi, hotunan biyu su yi kamar sun haɗu alhali da saura.

A nan ne kuskuren da aka fi yi yake faruwa. Mutumin da ya saba da tabarau na karatu mai ƙarfin diyofta 2 ko 2.5 yakan zaci irinsa tagar ke bukata tunda a kusa da ido take, sai ya saya ya ɗaura, gani ya ƙara lalacewa, domin ya ba idon abin da ya ninka bukatarsa sau huɗu ko biyar. Ga wanda ke ganin nesa garau ba tare da tabarau ba, abin da yakan wadatar shi ne ƙarin diyofta 0.5, ko 1 idan yawancin aikinsa a kusa ne, kamar hoton fuska. Dalilin wannan bambanci shi ne tagar renjifainda kallon kai tsaye ce, don haka idan abin ɗauka ya matso, hotonsa a cikin tagar ma yakan matso, ido ya ƙara aiki, saɓanin kyamara mai madubi a ciki, wadda take jefa hoto a kan allo guda mai tsayayyen nisa komai nisan abin ɗauka. Wanda ke da ɗan raunin ganin nesa na rabin diyofta ya yi dace, domin idonsa tsirara ya dace da tagar kamar don shi aka yi ta. Wanda kuma aka haifa da idon da ke bukatar ɗan ƙari ko a ganin nesa, amma ƙarfin ƙuruciya ya ɓoye masa hakan, shi ne yakan fara kuka tun da wuri, tunda tsohon gibin da sabuwar bukatar tagar sun haɗu a kansa.

Rangwamen da aka ambata a farko yana da tushe a halittar ido. Kyamara mai madubi tana tambayar ido ne ko hoton ya fito tangaran, tambayar da ido mai dishi-dishi ba zai iya amsawa ba, tunda bai san ko dishin daga kyamara yake ko daga gare shi ba. Renjifainda kuwa tana tambaya ne ko layuka biyu sun haɗu sun miƙe, kuma ido ya fi gwaninta a wannan nesa ba kusa ba. Lafiyayyen ido yana rarrabe ɗigo biyu idan kusurwar da ke tsakaninsu ta kai kashi 1 cikin 60 na digiri, amma yana gane karyewar miƙaƙƙen layi ko da gocewar ta fi haka ƙanƙanta sau biyar ko fiye, baiwar da Gerald Westheimer na Jami'ar Kalifoniya ya yi nazari mai zurfi a kanta a shekarun 1970, kuma ta fi kaifin gani na yau da kullum jure wa shekaru. Aikin ya yi kama da na tela mai haɗa yadi mai ratsi a bakin ɗinki, wanda ba ya bukatar ganin kowane zare kafin ya san ratsin ya goce. Wannan ne ya sa kaifin gefen tabon M yake da daraja: maimakon a tsaya jiran hotuna biyu su narke cikin juna, sai a nemi wani layi tsaye, kamar gefen ƙofa ko wuyan riga, a duba inda ya ratsa iyakar tabon, a murza har karyewar ta ɓace.

Tabarau da tazarar ido

Tabarau shi ne mafita ta farko, kuma yana da fa'idar da babu kamarta, wato mai shi yana ganin duniya garau kafin ya ɗaga kyamara da bayan ya sauke ta. Illarsa ita ce yana ture ido baya da kimanin milimita 12 zuwa 14, alhali kowace tagar leƙe tana da iyakar tazarar da ido zai tsaya ya ga dukan fili. Kamfanin Nikon ya ɗauki wannan da muhimmanci a 1982 da ya fitar da F3HP, kyamara mai madubi wadda ake ganin dukan filinta daga tazarar milimita 25, amma tagar renjifainda ba ta da wannan yalwa. A tagar da aka fi sani, mai girman gani 0.72, wato wadda ke nuna abu a kan kashi 72 cikin 100 na girmansa a ido tsirara, mai tabarau ba ya ganin layukan iyaka na gilashin milimita 28 gaba ɗaya, na milimita 35 ma sai ya riƙa zagaya ido daga kusurwa zuwa kusurwa. Tsofaffin samfura irin M3 da M2 suna da ƙarin aibi, domin bakin tagarsu ƙarfe ne tsirara mai karce tabarau, musamman na roba, abin da ake magancewa da ɗan zoben roba ko na fata da ake mannawa a kai.

Maganin da kamfanin Leica ya kawo a zamanin M6 TTL shi ne zaɓi tsakanin girman gani uku, 0.58 da 0.72 da 0.85, kuma na 0.58 ya zama abin so ga masu tabarau domin yana janyo layukan iyaka zuwa tsakiya inda ake ganinsu. Sai dai abin da aka samu ta nan an biya shi ta can. Daidaiton ma'aunin nisa ya dogara ne a kan tazarar da ke tsakanin tagogin biyu idan aka ninka ta da girman gani, kuma da yake tazarar a M6 milimita 69.25 ce, abin da ke aiki a zahiri shi ne kimanin milimita 40 a tagar 0.58, 50 a ta 0.72, 59 a ta 0.85, yayin da M3 mai girman gani 0.91 ta haura 62. Ma'anar wannan ita ce tagar da ta fi sauƙin tsara hoto ga mai tabarau ita ce ta fi ƙanƙanta masa tabon saiti a daidai lokacin da idonsa ke neman a girmama shi. Ga mai aiki da gilashin milimita 28 ko 35 asarar ba ta da yawa, tunda zurfin saiti, wato faɗin yankin da ke fitowa garau gaba da bayan inda aka saita, yana rufe ƙananan kurakurai. Amma gilashin milimita 50 da aka buɗe kafar haskensa zuwa 1.4 yana da zurfin kimanin santimita 3 kacal a nisan mita 1, na milimita 90 a kan 2 kuwa rabin haka, kuma a nan ne ake bukatar gilashin ƙara girma na 1.25 ko 1.4 da ake ɗaurawa a bakin taga, wanda shi kuma yake ƙara tsuke filin. M10 ta 2017 ta ɗan sassauta lamarin da girman gani 0.73 da tazarar ido da kamfanin ya ce ta ƙaru da rabi.

Irin tabarau ma yana da tasiri. Mai hawa biyu, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Benjamin Franklin na Amurka, da mai sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa, wanda Bernard Maitenaz na Faransa ya fitar da sunan Varilux a 1959, dukansu suna warware matsalar karanta lambobi. Mai sauyawa a hankali yana da wata fa'ida ta daban, domin ɗan ƙasa kaɗan da inda ake kallon nesa akwai wurin da ƙarinsa ya kai rabin diyoftan da tagar ke nema, amma wurin siriri ne, kuma idan kyamara ta ture tabaran sama ko gefe sai ido ya faɗa wani ƙarfin daban, saiti ya riƙa zuwa yana tafiya ba tare da mai ɗauka ya san dalili ba. Tabarau mai yin duhu da kansa a rana yana rage hasken tabon, don haka gara a ajiye shi a wannan aiki.

Gilashin gyara da matsalar karkacewa

Hanya ta biyu ita ce a mayar da tabaran jikin kyamara, wato a ɗaura ɗan gilashin gyara a bakin taga, mai ɗauka ya manna idonsa tsirara ya ga dukan layukan iyaka. Leica tana sayar da su daga diyofta 3 na ragi zuwa 3 na ƙari, amma M10 da na bayanta sun zo da bakin taga mafi faɗi, saboda haka tsofaffin ba sa hawa sai da zoben haɗi. Kamfanoni kuma ba su daidaita a kan yadda suke rubuta ƙarfin ba, domin lambar da ke jikin na Nikon tana nuna jimillar gilashin da tagar ne a haɗe, abin da ya sa saye bisa takardar likita kawai yakan kai ga kuskure. Hanyar da ta fi inganci ita ce a je wurin mai auna ido da kyamarar a hannu, a riƙa sa gilasan gwajinsa tsakanin ido da taga ɗaya bayan ɗaya, a kalli abu a mita 1 da mita 2 da kuma nesa, sannan a zaɓi mafi raunin da ya sa gefen tabon ya fito tangaran. Abin takaici ne cewa har yau tagar gilashi ta M ba ta da maɓallin gyaran diyofta a jikinta, alhali kyamarorin Tarayyar Sobiyet masu araha, irin FED-2 ta birnin Kharkiv da Zorki 4 ta Krasnogorsk, sun zo da shi tun tsakiyar shekarun 1950, kuma Fujifilm da ba ta sa shi a X-Pro1 ta 2012 ba ta gyara wannan a X-Pro2 ta 2016.

Wannan hanya ta fi dacewa da wanda ganinsa na nesa lafiya yake. Mai tsananin raunin ganin nesa kuwa zai ga cikin taga garau amma ya rasa duniya da zarar ya sauke kyamara, ya shiga ɗaga tabarau goshi yana saukewa, kuma hoton titi ba ya jiran wannan. Akwai kuma karkacewar gani, wadda likitoci ke kira astigmatizim, inda fatar gaban ido ta fi lanƙwasa ta wata fuska fiye da wata, har layukan tsaye da na kwance ba sa fitowa garau a lokaci guda. Gilasan gyara na kamfani ba sa magance ta, kuma ko an yanka wa mutum na musamman, da zarar ya juya kyamara tsaye domin hoton tsayi, gilashin ya juya da digiri 90, gyaran ya koma ɓarna mai ninki biyu. Wasu ƙananan maƙera sun fito da bakin taga mai ɗan nauyi a gefe ɗaya wanda ke juyawa da kansa ya riƙe gilashin a daidai, amma ga mafi yawan masu karkacewa mai ƙarfi gyaran da ke jikin ido ya fi wanda ke jikin kyamara.

Gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, wanda aka fi sani da kwantak, shi ne ya fi kusa da cikakkiyar mafita ta fuskar lissafin haske, domin ya kawar da tazarar tabarau, yana tafiya tare da ido, kuma nau'insa na masu karkacewa an yi masa ɗan kauri a wani gefe domin ya zauna a fuska ɗaya komai juyin kyamara. Mai laushin da ake amfani da shi a yau ya samo asali ne daga aikin Otto Wichterle a birnin Prague a 1961, kafin kamfanin Bausch & Lomb ya kai shi kasuwa a 1971. Sai dai kwantak na ganin nesa ba ya taɓa taurin ganin kusa, har ma mai raunin ganin nesa da ya saba cire tabarau ya karanta yakan rasa wannan damar. Dabarar da ta fi dacewa da renjifainda ita ce a gyara ido ɗaya domin nesa, ɗayan domin kusa, tunda tagar tana kusurwar hagu ta kyamara, an yi ta ne domin idon dama, don haka dama ya yi saiti, hagu ya karanta lambobi. Farashin dabarar shi ne raguwar gane zurfi da ido biyu, wanda ke da haɗari a tuƙin dare, da kuma rasa daɗin buɗe ido biyu a kyamarori masu girman gani 1 cif, irin Nikon S3 da Canon P da Epson R-D1. Kwantak mai ƙarfi da yawa a gilashi ɗaya kuwa yana jefa hoton kusa da na nesa a bayan ido lokaci guda, ya bar ƙwaƙwalwa ta zaɓa, kuma 'yar inuwar da hakan ke haifarwa ita ce ainihin abin da ke rikita mai neman haɗa hotuna biyu a tabon saiti.

Hawaye suna raguwa da shekaru, ƙifta ido kuma yana raguwa yayin da aka zuba ido a taga, saboda haka kwantak yakan bushe, gani ya riƙa sauyawa daga ƙiftawa zuwa ƙiftawa. A ƙasar Hausa lokacin hunturu, da busasshiyar iska da ƙurar da ke shiga ƙarƙashin gilashin, wannan yakan tsananta har tabarau ya fi zama alheri na tsawon watanni. Irin wanda ake sawa yini ɗaya a jefar ya fi aminci, kuma ruwan famfo ko na rijiya, har da na alwala, bai kamata ya taɓa shi ba, saboda wata ƙwayar cuta mai suna Acanthamoeba da ke zama a ruwa, wadda ke iya cin fatar gaban ido.

Idan laifin ba na tauri ba ne

Mai renjifainda yana rufe ido ɗaya sau da yawa a yini, abin da sauran mutane ba sa yi, don haka yakan riga kowa gano cewa idonsa ɗaya ya sauya, kuma bai kamata ya mayar da wannan gargaɗi zancen kayan kyamara ba. Yanar ido tana farawa ne da ƙyallin haske da raguwar bambancin fari da baƙi, wani lokaci kuma da ganin abu bibbiyu a ido ɗaya, wanda ke sa hotunan tabon su ƙi haɗuwa komai murzawa. Hawan jinin ido yana cin gefen gani a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya riga ya ci ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 a kan 'yan shekara 40 zuwa sama ya nuna cewa yanar ido ce ke da alhakin kimanin kashi 43 cikin 100 na makanta, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17, alƙaluman da suka isa su sa duk wanda tabo ya dusashe masa ya fara da asibitin ido. Aikin cire yana, wanda a cikinsa ne Harold Ridley ya fara sa gilashin roba a madadin na halitta a Asibitin St Thomas na Landan a 1949, yakan dawo wa tabon haskensa, amma gilashin robar na yau da kullum ba ya kumbura sam, don haka idon da aka saita domin nesa zai nemi ƙarin rabin diyofta ko fiye a bakin taga.

Ita ma kyamarar tana tsufa. Tagar da ta shekara 60 takan yi hazo daga ciki, rufin madubinta ya koɗe, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta goce da ma'aunin. Rarrabewar ba ta da wuya: idan an saita gilashin gaba a kan iyakar nesa aka kalli wata ko dogon ƙarfen sadarwa mai nisan gaske, ya kamata hotunan biyu su hau kan juna, kuma idan kuskuren hotuna kullum gefe ɗaya yake, gaba ko baya, to kyamara ce ke bukatar makaniki, idan kuwa yau gaba ne gobe baya, to ido ne. Goge ƙaramar tagar gaba, wadda yatsa ke yawan taɓawa, yakan dawo da haske mai yawa.

Akwai kuma abin da hannu ke ɗauke wa ido. Gilashin milimita 35 da aka tsuke kafarsa zuwa 8 aka saita a kan mita 5 yana fitar da komai daga kimanin mita 2.5 zuwa ƙarshen gani, na milimita 28 kuma a kan mita 3 da ɗoriya yana farawa tun daga kusan mita 1.6, kuma da irin wannan saitin tun kafin a ɗaga kyamara masu hoton titi irin Garry Winogrand na birnin New York suka yi yawancin aikinsu. Ɗan maƙalin yatsa da ke ƙarƙashin zoben saiti yana koya wa hannu nisa ta wurin tsayuwarsa, ƙirga ƙarar zoben kafar haske daga buɗewar ƙarshe kuma yana rage bukatar karanta lamba. Ga wanda duk wannan bai wadatar ba, yawancin samfuran Leica na dijital tun daga M ta 2012 suna karɓar tagar lantarki da ake ɗorawa a sama, mai maɓallin diyofta da damar faɗaɗa tsakiyar hoto, kuma a watan Oktoba na 2025 kamfanin Leica ya fitar da M EV1, wadda aka cire mata ma'aunin nisa baki ɗaya aka maye gurbinsa da tagar lantarki. Wanda ya zaɓi zama a kan tagar gilashi ya sani cewa taurin ganin kusa yana ci gaba har zuwa wajen shekara 60, don haka gilashin gyaran da ya dace a shekara 48 yana iya gazawa a 55, kuma gwajin da aka yi da kyamara a hannu yana bukatar maimaitawa duk bayan shekara biyu, tare da auna hawan jinin ido a zama guda.